Na Ji Sauƙi, In Ajiye Ƙwayar? Fashin Baƙi Kan Daina Shan Maganin Ciwon Damuwa

Akwai tambayar da majinyata kan yi wa likitan ƙwaƙwalwa a ƙarshen gani, an riga an miƙe ana gyara mayafi ko hula: "Likita, wai yaushe zan rabu da maganin nan?" Mai tambayar ma ya kyauta, don da yawa ba sa tambaya. Barci ya dawo, abinci ya fara shiga, faɗuwar gaban nan ta asubahi ta lafa, sai a cusa sauran ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa a ce an warke. Bayan wata biyu ko uku a sake neman motar zuwa asibitin koyarwa na Shika ana cewa abin ya dawo, ko kuma kunyar likita ta hana komawa, a zauna a ɗaki da shi.

A Ingila, inda ake rubuta wa mutum fiye da miliyan 8 irin waɗannan magunguna a shekara, kukan da ake yi shi ne mutane sun daɗe a kansu, wasu shekara goma, ba wanda ya zauna ya duba ko har yanzu suna bukata. Tamu matsalar a Zariya akasin haka ce. Da wuri muke ajiyewa, kuma sau da yawa ba mai ciwon ne ya yanke shawarar ba. Aljihu ne ya yanke masa, ko gwaggo, ko ranar ɗaurin aure da ta matso. Saboda haka wanda ya ci karo da surutun Turawa a intanet kan illar daɗewa a magani, ya fara tambayar kansa ko da shi ake.

Mun saba da magani iri biyu. Akwai na zazzaɓin cizon sauro, kwana uku ka gama ka manta. Akwai na hawan jini da ciwon suga, wanda yawanci abokin zama ne har ƙarshen rayuwa. Maganin ciwon damuwa da fargaba ba ya cikin ko ɗaya, shi ya sa yake rikita mutane. Sunayen da za ka gani a jikin kwali su ne amitriptyline, wanda tsoho ne kuma mai araha, da fluoxetine, sertraline, escitalopram, paroxetine da venlafaxine. Yawancinsu suna hana ƙwaƙwalwa saurin kwashe wani sinadari da ake kira sirotonin, wanda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Ba sa aiki nan take kamar maganin ciwon kai. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga canji. Abin da ya ɗauki makonni kafin ya zauna a jiki, ba a rana ɗaya ake tashinsa ba.

Wanda ya taɓa karaya zai fi saurin gane maganar. Zafin karaya yana lafawa tun ƙashi bai haɗe ba. Idan ka kwance ɗori ranar da ka daina jin zafi, ka taka ƙafar, ka san abin da zai biyo baya. Haka sauƙin da mai ciwon damuwa ke ji a wata na biyu yake: magani ne ke riƙe da shi, ciwon yana nan a ƙasa bai gama wucewa ba. Don haka likitoci ba sa fara lissafi daga ranar da aka fara shan magani. Daga ranar da mutum ya dawo daidai suke farawa. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an warware. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa ƙasashe irin namu a 2016 ya ce wata 9 zuwa 12. Ciwon fargaba kuwa, wanda mutum ke kwana ya tashi cikin zullumi ba gaira ba dalili, shawarar ita ce a yi aƙalla shekara guda, domin yana da naci wajen dawowa.

Kuma "dawowa daidai" ba ta nufin an daina kuka kawai. Tana nufin ɗan kasuwa ya koma rumfarsa a Sabon Gari yana ciniki da kuzarinsa, ɗalibar Samaru ta koma karatu abu na zama a kanta, uwa ta koma jin daɗin hayaniyar 'ya'yanta maimakon ta ji kamar ta gudu. Idan har yanzu barci na yankewa ƙarfe uku na dare, ko jiki ya mutu da rana, lissafin bai ma fara ba. Waɗannan 'yan ɓurɓushin da suka rage suna cikin manyan alamun cewa ciwo zai sake tashi idan aka janye magani.

To, mu yi lissafi. A ce malamin makaranta ya fara sha a watan Janairu, ya warware sosai a Afrilu. Mafi kusa da zai fara maganar ragewa shi ne Oktoba, kuma ragewar kanta za ta ci wasu makonni ko watanni. Kusan shekara ke nan, ga wanda wannan ne karonsa na farko.

Wanda ba karonsa na farko ba ne, maganarsa daban. Abin da aka daɗe da lura shi ne, cikin waɗanda ciwon ya kama sau ɗaya, kusan rabi zai sake kama su wata rana. Idan ya kama mutum sau biyu, haɗarin ya ƙaru. Idan ya kai uku, dawowarsa ta fi rashin dawowarsa kusa nesa ba kusa ba. Irin waɗannan akan ba su shawarar shekara 2 ko fiye, wasu ma a bar su a kai. Haka wanda ciwonsa ya yi tsanani har ya daina ci da sha, ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa, ko abin yana bin danginsu, ko kuma abin da ya jawo ciwon yana nan bai gusa ba: auren da ake dukan mace a ciki, bashin da ya hana barci, ɗan da aka sace ba a ji ɗuriyarsa ba.

Akwai wani bincike da aka buga a 2021 wanda ya dace kowa ya san sakamakonsa, domin ɓangarori biyu duka suna kafa hujja da shi. An ɗauki mutum 478 a Ingila waɗanda suka daɗe suna shan magani, suka ji sun warware har suna ganin za su iya dainawa. Aka raba su biyu. Rabi suka ci gaba da maganinsu, rabi aka janye musu a hankali aka maye da ƙwayar da babu komai a ciki, ba tare da sun san a wane rukuni suke ba. Bayan shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka janye wa, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Mai son a ci gaba da sha zai ce ga shi nan, magani na karewa, kuma gaskiyarsa. Mai son a daina zai ce fiye da mutum huɗu cikin goma sun ajiye sun zauna lafiya, kuma shi ma gaskiyarsa. Abin da ni na fi kallo shi ne kashi 39 ɗin nan: suna kan magani, amma ciwo ya dawo. Ƙwaya tana rage haɗari, ba ta rufe ƙofa ruf. Kuma babu gwajin jini ko hoton kai da zai nuna wa likita a wane ɓangare kai za ka faɗa. Tarihinka kawai yake da shi, shi ya sa ɓoye masa cewa ka taɓa yin irin wannan ciwon a baya kanka kake cuta.

Ba kuma kowane mai son dainawa ne mai gaggawa ba. Magungunan nan suna da nasu nauyin. Amitriptyline na busar da baki, ya sa kasala da taurin ciki, ya sa jiri idan an miƙe da sauri. Wasu suna sa ƙiba. Wasu masu sha kan ce baƙin cikin ya tafi amma farin cikin ma ya bi shi, an yi haihuwa a gida ba su ji komai ba. Sai babbar wadda ba a faɗa: raunin sha'awa da jinkirin biyan bukata, ga maza da mata. Magidanci zai gwammace ya jefar da magani a ɓoye da ya buɗe baki ya gaya wa likita wannan, balle idan likitar mace ce. Alhali kuwa sau da yawa gyaran ba dainawa ba ne, rage awo ne ko canza wani maganin da jikinsa ya fi karɓa.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. Mutum ya ajiye magani kwatsam ranar Litinin. Zuwa Laraba ko Alhamis sai jiri, tashin zuciya, ciwon jiki kamar mura za ta kama shi, mugayen mafarkai masu kama da gaske, saurin fushi, kuka ba dalili. Wasu kan ji wani abu na fizgarsu a cikin kai kamar wutar lantarki, musamman idan suka juya ido. Ka kwatanta wannan a gidanmu, ka ji fassarar da za a yi: jifa ne, ko kuma mutanen ɓoye sun dawo. Mai ciwon shi kuma zai ce ashe ba zai iya rayuwa ba sai da ƙwaya. Duka biyun ba haka ba ne. Jiki ne da ya saba da sinadari aka zare masa lokaci guda, yake kokawar daidaita kansa.

Bambanta wannan da dawowar ciwo shi ne rabin aikin. Alamun janyewa suna zuwa da sauri, cikin kwanaki, suna kuma zuwa da baƙin abubuwan da mutum bai san su ba a ciwonsa na asali, kamar jirin da fizgar nan. Idan aka mayar da maganin, sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Dawowar ciwo kuwa a sannu take shigowa, bayan makonni ko watanni, kuma da tsohuwar fuskarta: irin rashin barcin nan, irin tunanin nan na cewa ba ka da amfani. Idan aka mayar da magani, sai an sake jiran makonni kamar farko.

Mutum nawa ne ke shan wannan wahala? An daɗe ana gaya wa majinyata cewa abu ne ɗan kaɗan da ke wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. A 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fito ta amince cewa ga wasu mutane abin na yin tsanani kuma yana daɗewa, aka gyara ƙa'idojin ƙasar. Wani babban nazari na 2024 da ya tattara bincike 79 ya samu cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na jin wata alama bayan dainawa. Sai dai hatta waɗanda aka janye wa ƙwayar da babu komai a ciki, kusan ɗaya cikin shida sun ce sun ji alamu, wato tsammani da tsoro ma suna da nasu kason. Masu tsananin gaske kuwa kusan mutum ɗaya ne cikin 35. Har yanzu masana na jayayya kan waɗannan alƙaluma, wasu na ganin an rage, musamman ga waɗanda suka yi shekaru suna sha. Abin da ba a jayayya a kai shi ne magungunan ba ɗaya suke ba. Paroxetine da venlafaxine suna fita daga jini da sauri, don haka sun fi wahalar ajiyewa, har mantuwar kwana ɗaya ko biyu kan nuna. Fluoxetine kuwa yakan yi makonni yana fita a hankali, tamkar yana yaye mutum da kansa.

Wannan ba ya nufin maganin ƙwaya ce irin ta 'yan shaye-shaye. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, don haka tsoron iyaye yana da tushe. Amma mai shan sertraline ba ya jin maye, ba ya ƙara awo don neman wani daɗi, ba ya sayar da wayarsa don ya saya. Akwai magungunan zuciya da na asma ma da ba a yanke su kwatsam, ba wanda ya kira masu shansu mashaya. Inda ya kamata a ji tsoro shi ne Valium da Lexotan da danginsu, waɗanda akan haɗa wa mai fargaba a farko don ya samu barci. Su na ɗan lokaci ne, suna kama jiki, kuma yanke su kwatsam bayan an daɗe ana sha yana iya jawo farfaɗiya. Duk wanda ke sayensu a kemis wata da watanni ba takardar likita, maganarsa ta fi ta kowa gaggawa. Haɗa tiramol da maganin damuwa kuma haɗari ne na gaske.

Yadda ake saukowa shi ne mataki-mataki: a rage, a jira mako biyu zuwa huɗu a ga yadda jiki ya karɓa, sannan a sake ragewa. Wanda ya sha na 'yan watanni zai iya gamawa cikin wata ɗaya ko biyu. Wanda ya yi shekaru zai iya buƙatar watanni da yawa. Akwai wani abu da binciken hoton ƙwaƙwalwa ya nuna, wanda ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Ka ɗauki sukari a koko. Cokalin farko shi ke sauya ɗanɗano gaba ɗaya, na huɗu da kyar za ka ji bambancinsa da na uku. Haka maganin yake: ɗan ƙaramin awo yana yin kaso mai yawa na aikin. Saboda haka sauka daga miligiram 40 zuwa 20 yakan zo da sauƙi, amma daga 5 zuwa babu komai nan ne tsalle mafi tsawo. Matakan ƙarshe su ya kamata su fi ƙanƙanta, su fi jinkiri. A aikace wannan na nufin raba ƙwaya biyu ko huɗu, idan irin wadda ake rabawa ce. Kafso da ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali ba a fasa su sai da izinin likita ko mai haɗa magunguna. Dabarar shan yau a tsallake gobe kuwa, in ban da fluoxetine, jijjiga jiki kawai take yi. Idan an rage aka ji wuya, a koma awon baya a huta, a sake gwadawa da ƙaramin mataki. Wannan ba faɗuwa ba ce.

Sai zaɓen lokaci, kuma a nan ne al'adarmu ke yi mana ƙafar ungulu. Yarinya na shan magani, an sa rana. Gwaggo ta ja ta ɗaki: "Ke 'yar nan, kada ki kuskura ki tare da ƙwayoyin nan, dangin miji su ce mun kai musu mai taɓin hankali." Sai a yanke mako biyu kafin biki. Ga alamun janyewa, ga rabuwa da gida, ga sabon miji da sabbin mutane, ga rashin barcin hidima. Idan ta rikice a makon farko sai a ce kishiya ce ko an yi mata sammu. A ganina babu lokacin da ya fi wannan muni. Gwaggo ba mugunta take yi ba, gorin da ta sani take gudar mata, amma gara a nemi hanyar fahimtar da ango tun kafin a kai lefe. Haka ɗalibin da jarrabawa ta matso, da matar da ke takaba, da wanda aka sallama daga aiki. Ana ajiye magani ne lokacin da rayuwa ta lafa.

Ciki ma haka. Mace ta ga ɓatan wata sai ta watsar da magani a ranar saboda tsoron abin da ke cikinta. Tsoron daidai ne, matakin ne ba daidai ba. Akwai wanda likitoci ke kauce wa a farkon ciki, kamar paroxetine, akwai kuma waɗanda aka fi natsuwa da su ga mai ciki da mai shayarwa, kamar sertraline. Ciwon damuwar da aka bari ba magani shi ma yana taɓa uwa da jariri, kuma bayan haihuwa lokaci ne da yake yawan tashi. Abin yi shi ne a ga likita a makon, ko ma tun ana shirin ɗaukar cikin.

Azumi ba dalilin dainawa ba ne. Yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da su sahur ko bayan shan ruwa. Addu'a da ruƙiyya kuma ba su yi faɗa da ƙwaya ba. Wanda ya ce sai ka zubar da maganin asibiti kafin tofinsa ya kama, ka tambaye shi ko haka yake gaya wa mai ciwon suga.

Maganar kuɗi ce ba ni da amsa mai daɗi a kanta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin mota, ga yinin da za a rasa a layin asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum fiye da miliyan 200. Mu a nan ma muna da sa'a, akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Duk da haka mutum kan sayi na kwana goma, ya tsaya sai an yi albashi, ya sake saye, jiki na hawa da sauka. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya faɗa wa likita ƙarara: "Ranka ya daɗe, kuɗin ya fi ƙarfina." Sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa, ko wani daban da aljihu zai ɗauka. Idan ma dole sai an daina, gara a yi amfani da sauran da ke hannu a sauka a hankali da a shanye duka a wayi gari babu.

Kafin a haɗiye ƙwayar ƙarshe, akwai shirin da ya kamata a yi. Mutum ya tuna da me ciwonsa ya fara a wancan karon, domin yawanci ta ƙofar da ya shigo yake sake shigowa: wani barci ne ke fara gudu, wani ya daina fita masallaci da majalisa, wata ta daina ɗaukar waya. Ya gaya wa mutum ɗaya da ya yarda da shi, mata ko miji ko yaya, ya ce in ka ga kaza ka yi mini magana. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koyon kama mugun tunani tun bai yi jijiya ba, an tabbatar yana rage dawowar ciwon, ga wanda ya samu hali. Watanni shida na farko bayan dainawa su ne aka fi sa ido, don haka kada a yar da katin asibiti, a koma ganin likita ko da lafiya ƙalau ake ji. Idan kuwa tunanin kashe kai ya zo, ko ana tsakiyar ragewa ko bayan an gama, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A ranar ake tafiya asibiti, wani ya raka, a kuma kwashe sauran magungunan da ke ɗakin a ba wani ya ajiye, musamman amitriptyline, wanda yawansa ke tsayar da zuciya.